Doka Ba Dogari: Sharhi a Kan Tsarin Mulki da Shari'a na Masarautar Talossa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan tsarin mulki da tsarin shari'a na wata ƙirƙirarriyar ƙasa mai suna Talossa, wadda yawancin harkokinta a intanet ake gudanar da su. Abin da nake nufi da ƙirƙirarriyar ƙasa shi ne wasu mutane su taru su ce sun kafa ƙasa, su yi tuta da sarki da majalisa da kotu, alhali kuwa babu wata gwamnati a duniya da ta yarda da su. Irin waɗannan ƙasashe suna da yawa, kuma galibinsu ba sa daɗewa. Na zaɓi Talossa ne domin ta haura shekara arba'in, kuma tana da rubutattun dokoki waɗanda manazarci zai iya dubawa ya auna.

Mai sauraro zai iya cewa wannan ai wasa ne, me ya kawo shi zauren ilimi? Amsa ita ce, masu nazarin shari'a sun daɗe suna gardama a kan abin da yake sa doka ta zama doka, ko tsoron hukunci ne ko kuwa yardar jama'a. A ƙasashen gaskiya abubuwan biyu a cakuɗe suke, ba a iya raba su. A Talossa kuwa an cire ɗaya ɗungurungum, watau babu ɗan sanda, babu kurkuku, babu mai karɓar haraji, sai aka bar ɗayan shi kaɗai. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, masu rubuta dokokin Talossa sun ari tsarin ƙasashen da suke da ƙarfin tilasta wa mutane, suka yi ta gina shinge domin tsare talaka daga zaluncin mai mulki, amma wuraren da ainihin iko yake a ƙasar intanet sai suka zo daga baya a tunaninsu.

2.0 Asalin Ƙasar

Wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Robert Ben Madison shi ne ya kafa Talossa ranar 26 ga Disamba, 1979, a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin ta Amurka, ba da daɗewa ba bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ɗakin kwanansa shi ne ƙasar, shi ne kuma sarki. Sunan ma daga harshen mutanen Finlan ya samo shi, ma'anarsa “cikin gida”. Daga baya ya faɗaɗa da'awarsa ta haɗa da wani yanki na gabashin Milwaukee, da wani ƙaramin tsibiri mai suna Cézembre a gaɓar Faransa, da wani ɓangare na Antatika. A 1980 ya fara ƙirƙirar harshen ƙasar, wanda kalmominsa suka kai dubbai masu yawa.

Shekara goma sha biyar na farko 'yan ƙasar dangi ne da abokai, mutanen da suka san juna ido da ido. A tsakiyar shekarun 1990 aka buɗe wa ƙasar shafi a intanet, aka fara karɓar baƙi daga ko'ina cikin duniya, mutanen da ba su taɓa taka Milwaukee ba. Ya kamata a lura da wannan sosai, domin kundin tsarin mulkin da za mu duba a 1997 aka yi shi, watau daidai lokacin da zumunci ya daina isa ya riƙe jama'ar. Muddin kowa ya san gidan kowa, kunya tana aikin da doka take yi. Da baƙi suka shigo, sai aka buƙaci rubutu.

3.0 Abin da Kundin Ya Shimfiɗa

Tsarin da kundin 1997 ya shimfiɗa, wanda aka sake masa fasali daga baya, na sarauta ne mai iyaka, irin na Ingila. Akwai sarki, akwai firayim minista da ake kira Seneschal, akwai majalisar dokoki mai suna Ziu wadda ta kasu biyu. Ƙaramar majalisa, Cosa, jam'iyyu ne suke raba kujerunta gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. Babbar majalisa, Senäts, kowane lardi yana da wakili ɗaya a cikinta. Babbar kotu sunanta Cort pü Inalt. Akwai kuma wani jami'i, Sakataren Ƙasa, wanda yake gudanar da zaɓe, yake kuma tattara ƙudurorin doka cikin wata takarda mai suna Clark da ake fitarwa wata wata domin 'yan majalisa su jefa ƙuri'a. Tare da ƙudurorin akan tambayi Cosa ko har yanzu ta amince da gwamnati. Gyaran kundin kuwa sai ya bi ta majalisa sannan a kai shi gaban jama'a a yi ƙuri'ar raba gardama.

Dole a yaba wa wannan tsari ta fuska guda. An gina shi bisa sanin cewa 'yan majalisa ba za su taɓa zama a ɗaki ɗaya ba, kuma safiyar wani daren wani ce. Saboda haka aka mai da muhawara rubutacciya, aka ba ƙuri'a wa'adin makonni. Wannan dabara ce da ta fito daga halin da ƙasar take ciki, kuma a ganina ita ce mafi inganci a dukan tsarin.

Amma sauran gaɓoɓin riga ce ta aro. Alal misali, an daɗe ana amfani da kujeru 200 a Cosa, alhali masu harkar siyasa a kai a kai ba su kai kusa da wannan adadi ba, sai ya zama mutum ɗaya yana riƙe da kujeru masu yawa. Ana iya kare wannan da cewa yana sauƙaƙa lissafin rabo tsakanin jam'iyyu, kuma gaskiya ne. Majalisa ta biyu fa? A Amurka an yi majalisar dattawa ne domin jihohi suna da ƙasa da tattalin arziki da buƙatun da suka sha bamban. Lardunan Talossa kuwa, ko da yake an zana su a kan unguwannin Milwaukee, yawancin mutanensu rarraba su aka yi bisa inda suke zaune a duniya. Wace buƙata ce ta haɗa 'yan lardi ɗaya wadda ta raba su da na lardin kusa? Ban da haka, rabon iko tsakanin majalisa da gwamnati da kotu yana buƙatar mutane masu yawa. Inda hannuwa suka yi kaɗan, wanda ya rubuta doka bara shi ne minista bana, shi ne kuma alƙali baɗi. Ofisoshi dai an raba su a takarda, amma mutanen su ne su.

4.0 Shari'a Ba Dogari

A 1832 masanin shari'a na Ingila John Austin ya bayyana doka a matsayin umarnin mai mulki wanda barazanar hukunci take biye da shi. Max Weber na Jamus kuma, a laccarsa ta 1919, ya ce abin da ya bambanta gwamnati da sauran ƙungiyoyi shi ne ita kaɗai ce take da halaccin amfani da ƙarfi a cikin iyakarta. In da waɗannan za a auna Talossa, da magana ta ƙare tun ba a fara ba. Haka kuma in aka ɗauko Yarjejeniyar Montevideo ta 1933, wadda ta gindaya sharuɗɗa huɗu na zama ƙasa, watau jama'a zaunannu, da yanki sananne, da gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe. An ma taɓa gwada irin wannan da'awa a gaban alƙali. A 1978 wata kotu a birnin Kolon na Jamus ta duba batun Sealand, wani tsohon dandamalin soja a tekun Ingila wanda Paddy Roy Bates ya kira ƙasa a 1967, ta yanke cewa dandamalin da mutum ya gina ba yankin ƙasa ba ne, kuma mazaunansa ba su da rayuwar al'umma irin wadda ake nufi. Talossa ko dandamalin ba ta da shi.

Sai dai H. L. A. Hart, a littafinsa na 1961, ya soki ra'ayin Austin. Ya nuna cewa dokoki da yawa ba sa tsorata kowa, hanya kawai suke nunawa, kamar yadda ake ɗaura aure ko barin wasiyya ko kafa wata dokar. Ya ce ginshiƙin tsarin shari'a shi ne jami'ai su yarda da wata ƙa'ida guda ta gane abin da yake doka da abin da ba doka ba. Ta wannan ma'auni Talossa tana da abin nunawa. Zaɓe yana zuwa a kan ƙa'ida, wanda ya faɗi yakan sauka, ana kai ƙara, kotu tana yanke hukunci a rubuce, kuma a 2014 an tattara dokokin da suka warwatsu cikin kundi guda mai suna El Lexhatx. Duk wannan ana yi ba tare da an taɓa kama kowa ba.

A nan mai nazarin wasannin gargajiya zai tuna da wasan kalankuwa, inda samarin ƙauye bayan kaka sukan naɗa sarki da alƙali da 'yan doka, su kama mai laifi su ci shi tara, ya kuma biya. Kamar tana nan, amma akwai bambanci mai muhimmanci. Wanda aka ci tara a kalankuwa gobe da safe zai haɗu da alƙalin nan a bakin rijiya, ga kuma budurwarsa tana kallo. Abin da yake sa ya biya yana wajen wasan. Ɗan Talossa kuwa in hukunci bai yi masa daɗi ba, rufe kwamfutarsa kawai zai yi.

Wannan shi ya kawo mu ga hukunce-hukuncen kansu. Abin da kotun Talossa za ta iya yi wa mai laifi da gaske bai wuce tsawatarwa, da hana shi riƙe muƙami, da cire shi daga 'yan ƙasa, da korarsa ba. Dukansu suna ciwo ne gwargwadon son da mutum yake yi wa ƙasar. Wanda ya shekara goma yana koyon harshen, yana rubuta dokoki, ya yi suna, kora babbar asara ce a gare shi. Wanda ya shigo jiya da niyyar ɓarna kuwa ko a jikinsa. Watau hukuncin ya fi tsanani a kan wanda ya fi biyayya, ya fi sauƙi a kan wanda aka yi dokar dominsa. Ban ga alamar cewa tsarin ya fuskanci wannan juyin sosai ba. Maimakon haka, shekaru da dama abin da aka yi shi ne ɗauko sassa na dokokin laifuffuka na jihar Wisconsin a ce su ne na Talossa. Dokoki ke nan da aka rubuta domin jihar da take da 'yan sanda da gidajen yari, aka ɗora wa jama'ar da ba ta iya tsare mutum ko na minti ɗaya. Kuma in ɗan Talossa ya yi sata ko kisa, ai hukumar ƙasarsa ta gaskiya ce za ta kama shi, ba ta kuwa neman izinin kowa.

Laifin da yake iya rusa irin wannan ƙasa wani ne dabam. A shekarun da suka biyo bayan 2012 an gano wani ɗan ƙasa ya ƙirƙiri mutanen ƙarya da dama, ya shigar da su a matsayin 'yan ƙasa, yana sarrafa su shi kaɗai. A jama'ar da masu zaɓenta ba su da yawa, ƙuri'u kaɗan sun isa su juya sakamako. Babban aikin shari'a a ƙasar intanet, ashe, shi ne tabbatar da cewa kowane suna mutum ne, kuma mutum ɗaya ne. Wannan matsala ce da masu rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787 ba su san da ita ba, don haka wanda ya kwaikwaye su ba zai tarar da maganinta a wurinsu ba.

5.0 Inda Iko Yake

In aka bi tarihin rigingimun Talossa, za a ga ba a kan haraji ko gona ko yaƙi aka yi su ba, tun da babu ko ɗaya. A kan mallaka aka yi su, da kuma ƙofar shiga da ta fita.

Mu fara da mallaka. Madison ya yi rajistar sunan Talossa a matsayin tambarin kasuwanci a Amurka, ya kuma kafa kamfani marar neman riba da wannan suna a ƙarƙashin dokar Wisconsin. A duba abin da wannan yake nufi. Ƙasar da take da'awar ta ɓalle daga Amurka, sai ga shi an kai sunanta an ajiye a ofishin gwamnatin Amurka, kuma in gardama ta tashi a kan wa yake da sunan, alƙalin Amurka ne mai magana ta ƙarshe. Haka abin yake ga adireshin shafi, da na'urar da take ɗauke da rubuce-rubucen, da kalmar sirrin shiga. Waɗannan su ne ƙasar Talossa ta haƙiƙa, domin in aka rufe su babu inda majalisa za ta zauna. Kowannensu kuwa da sunan wani mutum ko wata ƙungiya yake a wurin kamfanin da ya ba da haya, kuma kamfanin bai san wata Cort pü Inalt ba. Mai riƙe da makulli yana iya yin abin da rundunar soja take yi a wata ƙasa, shi kaɗai, cikin dare ɗaya. Kundin ya yi dogon bayani a kan ikon sarki na hawa kujerar na ƙi, an kuma yi shekaru ana gardama ana rage wannan iko. Da an ba mai makulli rabin wannan kulawa tun farko, da ya fi amfani. Gaskiya ne dokar Talossa tana iya cewa makulli amana ce ta jama'a, amma ranar da mai amana ya ƙi, sai dai a roƙe shi ko a tafi kotun waje.

Ƙofar shiga ita ma haka. A ƙasar gaskiya yawancin 'yan ƙasa haihuwarsu aka yi a ciki, gwamnati ba ta zaɓe su ba. A Talossa kusan kowa nema ya yi aka karɓe shi. Wanda yake da iko a kan karɓar baƙi, shi yake zaɓen masu zaɓe. Ba abin mamaki ba ne da saukar Madison daga sarauta a 2005 ta zo a tsakiyar rikici a kan shigar sababbin 'yan ƙasa. Ya bar gadon ga wani ƙaramin yaro, jikan matarsa, wanda bai daɗe a kai ba, har aka zaɓi John Woolley ya zama sarki a 2007.

Ƙofar fita ta fi duka ban sha'awa. Albert Hirschman, a littafinsa na 1970, ya nuna cewa wanda bai ji daɗin ƙungiya ba hanya biyu gare shi, ko ya yi magana ko ya fita, kuma in fita ta yi sauƙi magana takan yi rauni. A ranar 1 ga Yuni, 2004, wasu daga cikin 'yan ƙasar da suka gaji da yadda Madison yake tafiyar da al'amura suka ɓalle suka kafa Jamhuriyar Talossa. Ba a harba bindiga ba, babu kuma wanda ya bar gidansa. Shekara takwas ana da Talossa biyu, kowace da gwamnatinta, har 2012 da aka sasanta, Jamhuriyar ta dawo a matsayin lardi mai suna Fiova. Abin lura shi ne, kundin 1997 da kotunsa da majalisunsa biyu duk suna nan lokacin da aka ɓalle, ba su kuwa hana ba. Abin da ya taka wa sarki birki a ƙarshe shi ne sanin cewa mutane suna iya tafiya su bar shi da kambinsa.

Wani zai ce to ai wannan alheri ne, tun da zalunci ba ya yiwuwa inda kowa yake iya fita. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Mai fita yakan bar aikin shekaru a baya, kuma waɗanda suka fi saurin fita galibi su ne masu matsakaicin ra'ayi, waɗanda ba su da jimirin faɗa. Sai a bar fage ga masu taurin kai. Bugu da ƙari, fita ba kullum take zuwa da sanarwa ba. Mutum yakan yi shiru ne kawai, wata ɗaya, wata shida, shekara. Dokar Talossa ta gane wannan, shi ya sa ta tanadi cewa wanda ya daɗe bai yi zaɓe ba, bai kuma amsa kiran ƙidaya ba, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya bar ƙasar. A ƙasashen da muka saba da su ba a raba mutum da ƙasarsa don ya ƙi zuwa rumfar zaɓe, kuma da an yi da an kira shi zalunci. A nan kuwa tilas ce ta sa, domin mutumin da ba ya magana a ƙasar da magana ce kaɗai alamar rai, ba a san ko yana nan ba. Wannan tanadi, tare da takardar Clark da na ambata a baya, su ne wurare biyu da dokar ta dubi kanta ta rubuta abin da ya dace da ita.

6.0 Wani Uzuri da Ya Cancanci Ji

Akwai uzuri guda da za a iya kawo wa masu tsarin, kuma ba na wasa ba ne. Ana iya cewa rigar aron nan ita ce abin da mutane suka zo nema. Babu mai sha'awar zama ɗan kwamitin wani shafin intanet, amma akwai masu sha'awar zama sanata ko alƙalin babbar kotu. In aka rage ofisoshin aka bar abin da ake buƙata kawai, watakila a wayi gari babu kowa. Johan Huizinga ya nuna tun 1938 cewa wasa yana rayuwa ne muddin masu yinsa sun ɗauki ƙa'idojinsa da gaske, kuma jama'ar wasa sun fi jin haushin mai cewa duk abin banza ne a kan mai maguɗi. Bisa wannan, majalisa ta biyu da kujeru 200 da sunayen ofisoshi cikin baƙon harshe suna da aikin da suke yi, ko da ba shi ne aikin da aka rubuta musu ba.

Na yarda da wannan uzuri game da majalisu da muƙamai. Ban yarda da shi ba game da shari'a. Kujerar sanata in ta zama ado babu wanda ya cutu. Amma kotu tana taɓa sunan mutum na gaskiya, domin tuhumar da aka rubuta a intanet tana nan bayan shekaru, mai neman aiki ko maƙwabci yana iya cin karo da ita. Alƙalin da ya yanke hukuncin kuwa sau da yawa abokin hamayyar wanda ake tuhuma ne a zaɓen da ya wuce, ko abokin tafiyarsa, tun da jama'ar kaɗan ce. Ba shi kuma da ikon tilasta wa shaida ya zo, ko ya binciki kwamfutar kowa. Hujjar da ta fi ƙarfi a shari'ar mutanen ƙarya, watau bayanan da na'ura take ajiyewa na inda kowane saƙo ya fito, tana hannun mai kula da na'urar ne, kuma shi kaɗai ya san ko ya miƙa ta duka.